Asibitin da Tagoginsa Ke Kallon Gonaki

Zuwa ga yayana, marigayi Habu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ƙanwa ke yi wa wanta, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san saƙon nan ba zai iske ka ba, amma labarin da ke cikinsa naka ne kafin na kowa.

An buɗe asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa a bakin garinmu, kan hanyar Ɗanbatta. Ni aka ba zanen ginin.

Ka tuna lokacin da ciwonka ya tsananta, barci ya ƙaurace maka, aka kai ka asibitin birni. Ina makaranta a lokacin, nakan bi Inna dubiya. Doguwar katanga ce, da ɗaki mai 'yar taga can kusa da rufi. Ma'aikatan sun yi iya ƙoƙarinsu, maganin kuma ya karɓe ka. Amma duk zuwanmu tambayarka ɗaya ce: "Zulai, an yi ruwa a gida? Wa ya yi mini huɗa?" Kai da kake bambance hadarin da zai zubar da ruwa da wanda iska za ta watsa, ka yi damina guda ba ka ga girgije ba.

Shi ya sa na saukar da tagogin nan ƙasa, yadda mai zaune a bakin gado zai hangi gero da gyaɗa. Ta zaure ake shiga, kamar kowane gida. Ɗorawar da muka tarar a filin ba a sare ta ba, ita ɗakunan suka kewaye. Akwai rumfa da murhu domin masu jinya, sai lambun zogale da yakuwa, wanda ya ji ƙarfin jikinsa ya yi ban ruwa.

Ba cikin sauƙi aka kai nan ba, Yaya. Da labari ya bazu, mutane suka taru a ƙofar gidan dagaci. Wasu suka ce a kai ginin can bayan fadama, inda babu gidaje. Malam Iro, wanda gonarsa ke iyaka da filin, ya ce in dole ne, to a ja katanga mai tsawo a dasa mata fasassun kwalabe, domin ta nan iyalinsa ke bi zuwa rijiya. Ban ga laifinsa ba, tsoro ne.

Da aka ba ni dama, ko zanen ban warware ba. Na ce musu waɗanda za a kwantar ba baƙi ba ne, irin Habu ne. Can Malam Iro ya ce, "Habu ne ya nome mini gona shekarar da na karye." Daga baya ya aiko cewa a tsayar da katangar daidai ta gidajen gari.

Ba duk abin da na so na samu ba. Likitoci sun dage sai an yi ɗaki ɗaya mai ƙofar ƙarfe, saboda wanda ciwo ya motsa wa har ana tsoron ya ji wa kansa rauni. Na daɗe ina jayayya, sannan na gane gaskiyarsu. Shi ma dai na ba shi taga.

Ita kuwa Inna, tun da zazzaɓi ya ɗauke ka ba ta sake taka asibiti ba, ko nata maganin sai dai a kawo mata gida. Makon jiya ta ce in raka ta sabon asibitin. Ta zagaya ko'ina. A rumfar masu jinya ta tarar da wata mata daga Zakirai wadda ta kawo ɗanta, tana ta jan mayafi kan fuska don kada a gane ta. Inna ta zauna gefenta, ta yi mata sannu, sannan ta ce, "Nawa sunansa Habu. Naki fa?"

Yaya, kai ɗan fari ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunanka a bakin Inna ba sai ranar. Na koma zaure na bar su suna hira har la'asar.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi. Waɗanda ke kwance a ɗakunan nan kuma Allah Ya ba su lafiya, Ya mayar da su gidajensu.

Ƙanwarka mai kewarka,
Zulai