Kamiyon da Na Ce «Taka Ce»

Zuwa ga Kolonel, shugaban injiniyoyin soja, Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ne Isufu Garba, mutumin Tawa, mazaunin Banifandu, wanda ka sani da Isufu mai jan kamiyo, wato babbar motar kaya. Na biyo ta jarida ne don takarduna biyar sun shiga biro ɗinka, wato ofishinka na unguwar Filato, babu wadda ta sami amsa, kuma na ji ƙarshen watan nan za ka aje aiki.

Na karanta tarihinka da aka buga: ɗan magini daga Damagaram, karatu a ƙasar waje, rijiyoyi, gadoji, da hanyar arewa da hatsin agaji ya bi ya isa ga mutane. Duk gaskiya ne, wasu ma da idona na gani. Ni kuwa aji uku na yi a kwalej, mahaifina ya rasu, na fita. Na yi dako a tasha, na yi shekara goma sha huɗu ina tuƙa motar wasu kafin in sayi tawa. Babu wanda ya ba ni ko taya ɗaya. Na faɗi haka ne don ka san ba roƙo na zo yi ba.

Na farko. A shekarar da kogi ya janye har ana tsallaka shi da ƙafa, ka zo garejin Yantala inda nake aje mota, lokacin kana kwamanda. Ka ce kana neman motoci na wata uku, su kwashi marmara a gyara hanya, don motocin hatsi suna kafewa a rairayi. Ka yi mini magana da Hausa, ka ce mini yaya. Na amsa da abin da kowane ɗan gidan kirki zai faɗa: ai taka ce, Kwamanda. Ka san ma'anar wannan. Maƙwabci in ya zo aron tsani haka ake ce masa, baƙo in ya yaba rigarka haka ake ce masa, kuma ba a taɓa jin wanda ya tuɓe rigar ya tafi da ita ba. Amma sarjan ɗin da ke bayanka da littafi, ya rubuta da Faransanci cewa na ba da motar kyauta ga ƙasa. Na sa hannu ban karanta ba, don na ga rashin kunya ne in tsaya karanta takarda a gaban mutumin da ya ce mini yaya. Wannan kuskurena ne, na ɗauka.

Na biyu. Wata uku ya cika, na je karɓar mota, aka nuna mini littafin. Kafin in gama mamaki, rediyo ta ambaci sunana cikin masu kishin ƙasa. Mutanen garinmu suka yi ta aiko da gaisuwa, liman ya sa mini albarka ranar Juma'a. To, ta ina zan fara cewa ban ba da ba? Kuma a wannan zamani da mutum ke duba bayansa kafin ya yi maganar soja, wa zan kai ƙara? Na yi shiru shekara guda, ina jiran ka tuna da kanka.

Na uku. Yau shekara huɗu ke nan. Na koma tuƙa motar wani ɗan kasuwa, ni da na riga na saba a tambaye ni ina za a nufa. Idona ya fara rauni, likita ya ce tafiya mai nisa ta kusa fi ƙarfina. Motata ita ce abin da na yi niyyar in damƙa wa direba in zauna gida. Na gan ta watan jiya tana ɗauke da yashi a hanyar Filato. An shafe ta da koren fenti, amma na gane ta da lotsawar ƙofar hagu, wadda ni na yi ta da kaina a Konni. Wanda ke tuƙa ta yana sa giya kamar yana faɗa da ita. Na tsaya bakin hanya har ta wuce.

Sau biyu na ga mataimakinka. Mutum ne mai ladabi, ya ba ni kujera, ya ce abin da aka rubuta ba ya goguwa sai wanda ya karɓa ya shaida cewa aro ne. Sarjan ya rasu, Allah ya jiƙansa. Saura kai kaɗai, Kolonel. Ranar da ka miƙa makullin biro, wanda zai gaje ka littafi kawai zai gani.

Abin da nake nema biyu ne. Ka rubuta layi ɗaya da hannunka cewa aro ka karɓa. Sa'an nan a maido mini motata yadda take, ko da ja za a yi a kawo ta. Ban nemi ladan aikin da ta yi ba. Hatsin da ya wuce ta hanyar nan, ƙannena ma sun ci shi, wannan na bar wa Allah da zuciya ɗaya.

An aiko mini da katin gayyata zuwa bikin sallamarka ranar Asabar, a layin waɗanda suka taimaki ƙasa. Zan zo, da babbar rigata. Idan ka miƙo mini hannu a gaban jama'a ka tambaye ni ya gida, zan ce lafiya lau, don haka aka rene ni. Ina roƙonka, wannan karon kada a rubuta.

Allah ya sa ka sauka lafiya, ya karɓi ayyukanka na alheri, ya raya maka zuriya, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Isufu Garba,
Banifandu, Yamai.