Tafiyar Minti Shida Ta Kayar Da Babanmu, Yayana Ya Rantse Zai Sare Ni

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin don Allah a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, musamman ma'aikatan lafiya da waɗanda suka taɓa jinyar iyayensu, domin kaina ya kulle.

Ni namiji ne, shekarata ashirin da bakwai, na karanta fisiyo, wato abin da mutane ke cewa gashin ƙashi, na gama bautar ƙasa bara na dawo gida Zuru ban samu aiki ba tukuna. Babanmu tsohon soja ne, muna zaune a Rikoto. Shekara biyu ke nan likita ya ce zuciyarsa ta raunana, ba ta harba jini yadda ya kamata. Ƙafafunsa na kumbura, ba ya iya kwanciya sai da filo uku, daga ɗaki zuwa bayi sai ya tsaya ya dafa bango yana haki. An ba shi magunguna, har da wanda ke sa fitsari don rage ruwan jiki, kuma likitan da kansa ya ce in jikin ya daidaita a riƙa motsa shi a hankali. Na faɗi wannan ne don kar a ɗauka gaban kaina na yi, ko da yake ban ce ba ni da laifi ba.

A makaranta an koya mana yadda ake auna ko motsa jikin yana amfani. Mai ciwon zai yi tafiya na minti shida, yana iya tsayawa ya huta, a ƙirga nisan da ya ci, bayan 'yan makonni a sake a gani. Na ari tef na magina na auna daga ƙofar zaure zuwa gindin mangwaron tsakar gida. Kullum da safe muna ɗan tattaki, ranar Asabar kuma ranar awo ce. Ina riƙe da agogon waya, ina maƙala masa 'yar na'urar nan ta yatsa mai auna bugun zuciya da iskar jini, duk zuwa da dawowa in jefa tsakuwa ɗaya a kwano. In an gama in tambaye shi gajiyarsa daga sifili zuwa goma. Kullum amsarsa ɗaya ce, biyu.

Kuskurena na farko, a ganina, shi ne na riƙa rubuta sakamakon da gawayi a jikin bango don in ƙarfafa masa gwiwa. Asabar ta farko tsakuwa tara. Sai sha ɗaya, sai sha huɗu, har muka kai sha takwas. Baba ya fara kiran maƙwabta yana nuna musu bangon, yana cewa “ku zo ku ga faretin tsoho.” Ni kuma ya laƙaba mini Kofur Agogo. Na manta cewa mutumin da ya yi shekara talatin ana ba shi umarni yana cikawa, in ka nuna masa lamba ba awo zai gani ba, abokin gaba zai gani. Daga baya Inna, mahaifiyarmu, ta gaya mini tana kuka cewa in na fita da rana yakan tashi bayan azahar ya yi ta zagayen shi kaɗai cikin zafin nan, ya sa ta rantse ba za ta faɗa ba. Kuma tun daga Alhamis yake daina shan maganin fitsarin, wai kar fitsari ya katse masa tafiya ranar awo.

Asabar ɗin da abin ya faru, a tsakuwa ta sha shida ya faɗi. Goshinsa ya daki bakin turmi ya fashe, jini ya rufe masa ido ɗaya, numfashinsa na fita da wani irin kurari, kumfa a bakinsa. Muka ɗauke shi zuwa asibiti. Yayana, wanda ke haya da babur tsakanin Ribah da Wasagu, ya iso da la'asar. Tun farko bai yarda da abin ba, ya sha cewa marar lafiya kwanciya yake yi, kar in mayar da ubansa ɓeran gwaji. Na dawo gida ɗaukar kaya ke nan ya same ni a tsakar gida. Nan take ya kwaɗa mini mari, na faɗi kan kwanon tsakuwar. Ya ciro tsohuwar sarƙar babur ya dinga zabga mini a baya da cinya, na kare da hannu yatsana ya goce, ya sa ƙafa ya haure ni a baki haƙorina na gaba ya karye. Inna ta riƙe shi ya fizge har ita ma ta zauna a ƙasa. Ya take na'urar yatsan da dunduniya, ya ɗauko adda ya kankare rubutun bangon har da yaɓen, sannan ya ɗora mini bakin addar a wuya. Ya ce digirin nawa na banza da wofi, kuma ya rantse in ya sake ganina da agogo a gaban Baba sai ya sare hannun da ya riƙe shi, in Baba ya mutu a tafe kuwa kabari biyu za a haƙa. Wanda ya san Yaya ya san ba mai faɗin magana don iska ba ne. Ban kai ƙara ba, ban kuma gaya wa Baba ba, amma ya ga bakina.

Kwana shida Baba ya yi a asibiti. Likita ya ce ruwa ne ya taru saboda barin magani, ya yi faɗa sosai, amma ya ce bayan mako biyu a koma tafiyar a hankali, ban da tsere, domin kwanciya kawai za ta cinye masa sauran ƙarfin. Na roƙi Yaya ya saurara, ya ce likita ba shi zai yi wa Baba sutura ba. Yanzu wata guda ke nan Baba na kwance, cinyoyinsa sun zube, ko buta sai an riƙe shi. Shekaranjiya ya yunƙura zai fita Yaya ya tare ƙofa, Baba ya maka masa sanda a kunne har ya yi jini, ya ce masa “kai ka haife ni ko ni na haife ka, ɗan banza.” Daga wannan ɗan ƙoƙarin sai da ya yi kusan rabin awa yana haki. Yaya ya fito ya dube ni ya ce ni na jawo.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Na san biyun nan da Baba ke ce mini in na tambayi gajiyarsa ƙarya ce. Ina ganin jijiyar wuyansa ta tashi, leɓensa ya sake kala, na ga ƙafar ta ɗan ƙara kumbura a Asabar biyun ƙarshe, amma na yi shiru saboda lambobin suna yi mini daɗi, har ina tunanin sa su a takardar neman digiri na biyu. Ba zan iya rantsewa cewa zan gano maganar maganin ba ko da na tambaya, amma ban tambaya ba. Yanzu ban ma san ko motsa jikin ya amfane shi ba, ko taurin kansa kawai na yi wata biyu ina ƙirgawa. Wataƙila duka biyun ne. Na dai san a lokacin yana zuwa masallaci da ƙafarsa, yanzu ba ya zuwa.

To 'yan uwa, yaya zan yi? In na ƙirga Baba zai yi tsere da lambar, in ban ƙirga ba da me zan gane ana ci gaba ko baya ake yi, da me kuma zan nuna wa Yaya? In gaya wa Yaya gaskiyar abin da na gani na yi shiru, ko hakan kiran adda ne? Ko in haɗa shi da kawunmu, alhali kawun ma ra'ayinsu ɗaya? Gobe Yaya zai wuni Wasagu ba zai dawo ba sai yamma, kuma Baba ya sani. Ɗazu ya sa Inna ta wanke masa takalmansa kambas, ya kira ni ya ce gobe ƙarfe bakwai na safe zai fito tattaki, da ni ko ba ni. In na riƙe hannunsa ina tsoron Yaya, in na bar shi ya fita shi kaɗai ina tsoron abin da zan tarar a tsakar gida. Don Allah wanda zai amsa ya amsa yau.