Aljanar Kuka Ta Ajiye Aiki

Daren Laraba, farkon damina.

Barci ya ƙi zuwa, daɗi ya yi mini yawa. Kukar bakin tafki ta tsira!

Da hantsi Alhaji Sule, abokina tun muna kiwon awaki, ya same ni a zaure yana haki: “Malam, tashi, ga mutane can da gwangwanin fenti a gindin kuka!” Masu faɗaɗa hanyar Dutsi sun daɗe suna harararta, kuma abin da aka shafa wa jan fenti ba ya kwana biyu.

Na isa ko hula ban gyara ba. Ashe farin fenti ne! Duwatsu suke jerawa kewaye da ita suna shafewa, ga Dagaci tsaye yana shela: hukuma ta keɓe ta, ba sara, ba ƙonawa, hanya ce za ta kauce.

Rabona da irin waɗannan fararen duwatsu tun ina yaro, lokacin da Sarkin Daji ya zo a kan keke yana shata gandun dajinmu na farko. Ya tsallake kukar, bai sa ta cikin gandun ba. Sai kakata Hajjo ta baza labari wai akwai aljana a kogonta, kuma tsoron nan ne ya tsare ta shekara da shekaru. Yaran yanzu kuwa haska kogon suke da fitilar waya suna dariya.

Sule ya zungure ni: “To, aljanar fa?”

Na ce, “Tana gadi tun muna yawo ba wando. Bar baiwar Allah ta huta.”