Burukutu a Kwalba

Morrisania, 3 ga Fabrairu

Zuwa ga matata Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafar taki? Yaya mutanen Zuru? Da hannuna nake rubuta miki, kada karatun yamma da na yi da furfura ya tafi a banza.

'Yarmu Hannatu ta sauka lafiya, namiji! Na yi rawa a asibiti har ma'aikata suka taru suna kallo. Kunnuwansa nawa ne sak, ko da yake dangin mijinta sun ce nasu ne.

Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai. Kofi, uban mijin nata, ya ce a al'adarsu ta Gana, ranar suna kaka yakan riƙe jariri ya taɓa masa ruwa a leɓe, sannan giya, don ya tashi yana bambance gaskiya da ƙarya. Tun da ya ji labarin cikin ya dafa wata baƙar giya a gidansa na Morris Heights. Wata shida ke nan tana kwance a kwalabe, har da takarda manne a jiki. Ya zuba mini rabin kofi, sai da na kama kujera. Kowa sai yabonsa yake yi. Wato abin da jikana zai fara ɗanɗana a duniya na Kofi ne, a hannun Kofi, ni kuwa ina gefe kamar ɗan kallo. Ni, mijin wadda ake zuwa daga ƙauyuka shan burukutunta!

Saura sati uku a yi sunan. Ki aiko mini da yadda kike yi, kada ki gaya wa Hannatu.

Naki,
Yohanna

17 ga Fabrairu

Rifkatu tawa,

Ina gaishe ki, da fatan kin samu sauƙi. Na saurari saƙonki na murya sau biyar.

Na sayo dawa a shagon Hamidou, wani mutumin Nijar. Ya tambaye ni abin da zan yi da ita, na ce kunu. Na jiƙa ta, na shanya a buhu kusa da hita mai ɗumama ɗaki, ta yi tsiro da kyau. Na niƙa a bilenda, na dafa ranar da suka kai yaro awo. Da suka dawo Hannatu ta ji wari, ta bi ni da kallo. Yanzu bokitin yana ta kumfa yana tsuwa, kamar ina bayan ɗakinki.

Na ji kin ce a bar bakin bokitin a buɗe, wai burukutu ba ya son kulle. To amma jiya Kofi ya zo, yaron ya yi barci a ƙirjinsa awa guda, ni kuwa da na ɗauke shi sai kuka. Ba zan kai tawa a bokiti a ajiye kusa da kwalabensa ba. Na ƙara sukari don ta fi tasa ƙarfi, na ɗura a kwalabe goma sha biyu, na toshe gam, na ɓoye a wadirof.

Naki,
Yohanna

24 ga Fabrairu

Rifkatu,

Bayan gaisuwa, ki yi dariyarki ki gama kafin ki ci gaba da karantawa.

Ranar Juma'a da rana, ana gobe suna, muka ji kamar harbin bindiga. Kwalabe sun fashe duka. Farar babbar rigar da kika ɗinka mini ta koma ja, ɗakin yana warin tsami. Hannatu ta rungume ɗanta tana yi mini faɗa, kuma da gaskiyarta. Da yaron yana ɗakin fa?

Ina tsugune ina kwashe gilashi Kofi ya shigo. Na so ƙasa ta buɗe. Bai yi dariya ba. Ya hango bokitin a bayan ƙofa, da ɗan guntun da bai samu kwalba ba, wanda na bari a buɗe kamar yadda kika ce. Ya ɗiba ya kurɓa, ya sake ɗiba. Ashe ya yi aiki a Tamale, can arewacin Gana inda ake dafa irinta, yana saurayi, kuma shekara talatin ke nan bai ji wannan ɗanɗanon ba.

Ranar suna ya ɗaura mini zanen kente nasa, kafaɗata a waje cikin wannan sanyi. Ya ɗora mini yaron a hannu, ya taɓa masa ruwa, sannan ya tsallake kwalabensa ya tsoma yatsa a guntun nawa. Yaron ya yamutsa fuska kamar yadda kike yi. Na yi kuka a gaban jama'a. Sunansa Kwabena Yohanna. Nawa ne na biyu, na lura.

Yanzu Kofi yana neman lambarki, wai ki koya masa. Na san shi, wata uku zai fi ni iyawa. In ya kira, ki gaishe shi da kyau, ki ce kin manta.

Mijinki, kakan Yohanna,
Yohanna Ɗanbaba