Turaren Jakara

Daren Talata, Zaitawa

Raina har yanzu tafasa yake. Na faɗa wa Hajiya Uwani, abokiyar sana'ata, sunan sabon turarena, yau na gan shi manne a kwalabenta a kasuwar Ƙofar Wambai!

'Yata Zainab ta ce, "Umma, masu ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta ba sa haka. Sunan tafki ko kogi suke laƙaba mata muddin tana hannunsu. Na gaskiyar sai ranar shiga kasuwa."

Kai, mutanen nan sun burge ni! Ashe su ma sun san ba a shelar sunan jariri kafin ranar suna.

Haɗin gobe na laƙaba masa Jakara, kogin kwatarmu mai wari. Hajiya ta sace wannan, ta sayar wa amare mu gani.