Ashe Wasiƙar Baba Nake Rataye da Ita

Assalamu alaikum Inna. Gaisuwa da girmamawa daga ɗanki Habu, wanda duk ƙasar Daura ta sani da Gatarin Sandamu, da fatan Allah Ya kai haske makwancinki. Rubutun nawa sai haƙuri, kinsan boko bai riƙe ni ba nima ban riƙe shi ba. Masu karantawa ta bayan kafaɗata kowa ya gyara a ransa.

Inna ƙara na kawo, kuma ke nake ƙara.

Layar nan da kika rataya min tun ina rarrafe, kikace "kar ka yarda ta bar wuyanka, ta babanka ce, daga bakin daga tazo." To ni me zan ɗauka? Mai ita soja, ya tafi yaƙin basasa bai dawo ba, gata an ɗinke da jar fata. Ai nace maganin maza ne. Da ita na shiga dambe. Daga Sandamu har Mashi babu filin da ban zubar da ƙato ba. Faɗuwar da nayi a Mashi ma santsi ne, anyi yayyafi, kowa shaida ne. Na faɗa wa duniya harsashi ya taɓa dukan layar nan ya zama ruwa. Kina jina ina faɗa a tsakar gida, kina tankaɗe, sai dai kiyi murmushi. Ko tari baki taɓa yimin ba.

Watan jiya fatar ta tsage. Na kai wa baduku ran kasuwa, rumfar cike da mutane. Maimakon ya ɗinke ya bani abina, sai ya zaro takardar yace wannan ba hatimi bane, ajami ne zalla. Wani malami dake jiran takalminsa ya karɓa ya hau karantawa da ƙarfi kamar an sashi shela.

Inna wasiƙa ce. Baba ne ke gaishe ki. Wai can ruwa baya ɗaukewa, garin rogo ya ishe shi, takalmin da aka bashi yana cin ɗan yatsansa. Wai an baibaye rumbu kuwa? In wani zai taho ki aiko masa da daddawa da kuka da barkono. Sai kuma "yaron nan mai ƙaton kai, haƙori ya fito?" Ko harbi ɗaya bai ambata ba. Mutum yana tsakiyar wuta amma daddawa ce a ransa.

Kasuwa ta kwashe da dariya. Mutanen da na zubar da iyayensu a fili yanzu su ke tsayawa a teburin namana suce Gatarin Daddawa a yanko na miya. Na ƙyale su ne don girma, amma hannun nan har gobe yana aiki. Kuma kan nawa ba ƙato bane, cika ne yayi.

Duk wannan mai sauƙi ne. Yaya Sale ne ya tada min hankali. Labari na isa gida yazo ya karɓe takardar, yace tun ina yaro na dogara da takarda na bar Allah, don haka ƙone ta zai yi a huta. Inna ki ji fa. Rubutun mahaifinmu, abu ɗaya tak da ya rage da ya taɓa da hannunsa, mutumin da ko kabarinsa bamu sani ba. Nace Yaya ai yanzu kowa yaji ba laya bace, me za a ƙona, barkonon? Yace in rufe masa baki. Na rufe, don ke kika koya min ba a sa'insa da babba.

Sai da na kwanta na natsu na tuna wani abu. Da Yaya ya karɓi takardar ya sa an sake karanta masa, aka kai ƙarshe yace "iyakarta kenan?" Ƙasan takardar duk ya narke, gumina ya cinye shi. An tambayi rumbu, an tambayi ƙaton kai, babu Sale. Shi kuwa kin sha bamu labari shi ya ɗauki jakar Baba a ka har bakin mota, yana kuka yana cewa a tafi dashi. To laifin wa? Ni na ce a rataya min? Gumin jarumi ai dole yayi ƙarfi.

Washegari na buga babur sai garin Babban Mutum, wajen Goggo Hajo ƙanwar Baba, don ita ce kaɗai ta rage cikin waɗanda ke zaure ranar da liman ya karanta miki wasiƙar. Na ɗauko ta a baya tana zagina tun daga can har ƙofar Yaya, wai zan kakkarya mata sauran ƙashin.

Ta zauna a tabarma ta sha fura, ta dubi Yaya Sale, mutum da furfura da jikoki, tace "ai ƙasan duk naka ne. Cewa yayi labari ya iske shi kana zuwa wanka kududdufi, in ya dawo kunnenka zai gaya maka." Yaya yace "sau biyu ne fa kawai Goggo." Ya tashi ya shige ɗaki, bai fito ba sai da aka kira la'asar, idonsa jawur wai hayaƙin murhu ne.

Ko Goggo tunawa tayi ko haɗawa tayi, ke kaɗai kika sani. Ni dai ban tambaye ta ba.

Bai ƙona ba Inna. Amma bai dawo min da ita ba, ya naɗe ta a farin ƙyalle ya kulle a akwatinsa, wai babba ke ajiya. Ni da na goye ta a ƙirji rana da damina, sai ranar Juma'a ake fito min da ita in gani, kuma wai in wanke hannu saboda maiƙon nama. Wannan zalunci ne, na kuma faɗa masa. Wuyana wayam nake jinsa, in na tashi da asuba sai in kai hannu in ji babu.

Fushin da nake dake ma ya ƙi zama. Kina yarinya aka bar miki mu biyu da takarda ɗaya, baki iya karanta ta ba, kika rasa inda zaki ajiye ta sai jikin ɗanki. Da nine da nima can zan sa ta.

Allah Ya jiƙanki Inna, Ya jiƙan Baba a duk ƙasar da yake kwance, Ya haɗa ku a Aljanna, Ya yafe min ƙaryar harsashi. In kun haɗu ki gaishe shi. Yaya Sale ma da yaji ina rubuto miki yace in saka masa nasa saƙon, a faɗa wa Baba ya daina zuwa kududdufi.

Ɗanki mai ƙaunarki,
Habu Gatari, Sandamu.