Ni Na Kashe Shukokin Matata, Maƙwabciya Ke Ɗauke da Laifin

Assalamu alaikum Edita da masu karanta wannan fili. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin wani ya yi mini dariya ya ce ƙaton namiji yana kuka a kan ganye, ya daure ya karanta har ƙarshe. Ni akawu ne a wani ofis a Yelwa, shekarata bakwai da aure.

Matata, bari in kira ta Hajo, tana da tukwane biyar na shuka a barandarmu: uku na kabar giwa, mai kaurin ganyen nan da ake shafa ruwanta a ƙuna, biyu na kariya mai jan fure. Ba sayensu ta yi ba. Ƙauyensu na asali a ƙasar Ngaski yake, yau yana ƙarƙashin ruwan madatsar Kainji. Ranar da aka tashe su, Innarta ta tono su daga bayan ɗakinta ta shiga jirgin ruwa da su a kwando. Da Inna ta rasu, su kaɗai Hajo ta ce a ba ta.

Wata uku da 'yan kwanaki da suka wuce ƙanwarta ta haihu a Shanga, Hajo ta tafi yi mata zaman arba'in. Ta bar wa maƙwabciyarmu Maman Talatu, mai sayar da bandar kifi, amanar ba su ruwa sau ɗaya a mako. Ita da Hajo kamar ciki ɗaya suka fito. Ni kuwa cewa ta yi, "Malam, kai dai naka ido. Kada ka taɓa su."

Ba a yi kwana goma ba sai ga wasu fararen ƙwari mitsi-mitsi a gindin ganyen, kamar an yayyafa auduga, tururuwa na ta sintiri a kansu. Na sa tsinke na kankare, washegari suka dawo. Na barbaɗa toka, suka dawo. Ruwan sabulu, ruwan ganyen dogon yaro, har garin taba na jiƙa na zuba, in na share tukunya ɗaya sai in tarar sun cika biyu. Wace irin halitta ce wannan? Ba ta tashi, ba ta gudu, amma ta fi ƙarfina? In dawo daga aiki a gajiye, ko riga ban cire ba ina tsugune da tsinke kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Da na gaya wa Maman Talatu ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, ka yi ta goge su da tsumma har mai su ta dawo." Ban ji ba. Wani abokin aikina mai noman shinkafa ya ba ni ragowar maganin feshin gona a kwalba, ya ce murfi ɗaya a bokiti. Ni da haushi ya cika, na zuba uku, na ƙara da kananzir, na yi musu wanka da tsakar rana. Ƙwarin sun mutu kam. Kwana uku ganyen kabar giwa ya ƙone ya yi laushi yana tsiyaya, kariya ta zubar da ganye, gindinta ya ruɓe. Don in kashe warin sai na yi ta kwarara ruwa a tukwanen, na jefa kwalbar a masai.

Ranar da Hajo ta dawo ko mayafi ba ta ajiye ba ta tsaya a baranda. Ta ce, "Malam, mi ya same su?" Kunya nake ji in rubuta abin da na ce, amma ga shi: "Ban sani ba, ƙila ruwa ne ya yi musu yawa." Ta cusa yatsa a ƙasar ta ji ta jagab. Ta fita kai tsaye zuwa ƙofar maƙwabciya. Ina jin Maman Talatu tana cewa, "Hajo, sau ɗaya a mako kika ce, haka na yi." Hajo ta ce, "Da kin ce ba ki iyawa, ai da na ba wata. Abin da Inna ta bar mini ke nan a duniya." Ni kuwa na ɗauki jakarta na shige ɗaki. Me ya hana ni magana? Tsoron mace? Girman kai? Har yau ban sani ba.

Wata biyu ke nan ko gaisuwa ba sa yi. Bikin Talatu saura mako uku, Hajo ce aka sa za ta tsaya a kan girki, ta ce ko leƙawa ba za ta yi ba. In na ce ta yi haƙuri sai ta ce, "Kai ka cika sanyi, Malam, shi ya sa ake raina mu."

Ranar Litinin Maman Talatu ta tare ni a hanyar ofis da gwangwanin madara, a ciki ɗan tsiron kabar giwa ne da Hajo ta ba ta bara. Ta ce, "Kai mata. Ka ce a kasuwa ka samo, in daga hannuna ne ba ta karɓa." Na miƙa hannu, sai ta rage murya ta ce, "Ranar nan har ɗakina na ji warin kananzir. Ban faɗi ma kowa ba. Ba ni shiga tsakanin mata da miji a kan ganye." Ta ɗauki tirenta ta wuce.

Gwangwanin yana bayan kabad a ofis, na kasa kai shi gida. Yau da safe na duba, ga farin abin nan ya fara fitowa a gindin ganye biyu. Masu ilmin shuka, da me ake kashe wannan ƙwaro ba a kashe shukar ba? Sauran jama'a kuma, in kai tsiron da wata sabuwar ƙarya, ko in zaunar da Hajo in ce mata ni ne, alhali wata biyu ina kallonta tana gaba da baiwar Allah a kan laifina? In ta daina yarda da maganata har abada fa?

Me zan yi?